Injin da Ke Mutuwa a Tsakiyar Tafki

Tun ranar da Direba ya sayo kwale-kwalen nan mai inji, matarsa Inna ba ta ƙara samun sukuni ba. Kuma ba ta da bakin ƙorafi sosai, don ita ce ta matsa masa ya saya.

Ga yadda abin yake. Autarsu tana aure a tsibirin da ke tsallaken tafki, inda aka tura mijinta koyarwa, ga ta da tsohon ciki, na fari kuma. Zuwanta awo na ƙarshe malamar asibiti ta ɗaura mata abin gwaji a hannu, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ja Inna gefe.

"Mama, jinin yarinyar nan yana hawa. Kafin watanta ya kama ku dawo da ita kusa da mu. Kada naƙuda ta same ta a can."

Tsibirin kuwa ko mai sayar da maganin ciwon kai babu. Auta ta ce bari ta koma ta haɗo kayanta ta dawo. Komawarta ke da wuya ruwa ya ja baya, babban jirgin fasinja ya daina zuwa tsibirin. Masunta masu inji duk sun bi kifi can ƙarshen tafki. Abin da ya rage sai kwale-kwalen hannu, wanda sai mutum ya wuni a rana kafin ya ƙetare, mai ciki da hawan jini kuwa ba a yi mata wannan gangancin.

Direba ya yi shekara da shekaru yana jan babbar mota kafin ido ya sa ya ajiye. Da ya ji wani tsohon masunci zai sayar da jirginsa, ya je ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa katakon, ya shinshina injin, ya dawo ya ce, "Innar Auta, an gama. Inji ai inji ne. Wanda ya ja tirela ne wannan ɗan abin zai gagara?"

Inna ta ce, "Allah ya sa."

Ashe jirgin ya daɗe a ajiye. Ranar da aka tura shi ruwa, kafin a ce me, ruwa ya kai idon sawu a ciki. Aka jawo shi, aka kife, Direba ya wuni yana cusa tsumma a tsakanin katakai yana shafa kwalta, tsumman kuma tsofaffin zannuwan Inna ne da ta yi niyyar yin abin shimfiɗar jariri da su. Da aka gama da yoyo aka ga ɓera ya cinye tiyon mai. Aka sake tiyo. Fulogi ya yi baƙi ƙirin, aka kankare. Ya zo jan igiyar tayarwa, ta tsinke a hannunsa, ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin taɓo, matan da ke wanki a bakin ruwa suka rufe baki da gefen mayafi. Kowace gyara sai ta ci yini, kowane yini kuma Inna tana lissafin cikin Auta a ranta.

Injin ba a barinsa a bakin ruwa saboda ɓarayi. Kullum da yamma Direba zai kwance shi, ya ɗora a baro, ya turo gida, ya rataye shi a jikin wani katako da ya kafa a gindin bishiyar tsakar gida. Da safe kuwa, bayan ya dawo daga masallaci gari ya yi haske, sai ya yi abin da ya saba yi wa mota duk tsawon rayuwarsa: ya tayar da shi, ya bar shi yana aiki, ya taka masa wuta, ya saki, ya ƙara takawa, yana karkata kunne.

"Ni ban taɓa hawa hanya da inji mai sanyi ba," in ji shi. "Sai ya ɗumama, mai ya zaga jikinsa."

Kaji su watse, hayaƙi ya cika ɗakin girki, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Inna, jirgin samanku yaushe zai tashi mu huta?"

Ranar da aka ce komai ya kammala, Inna ta ɗauki tabarma da matashi don Auta ta kishingiɗa, ta yi bisimilla ta shiga. Injin ya tashi bugu ɗaya. Direba ya zauna a baya riƙe da hannun injin, ya gyara hula, idonsa a gaba kamar mai jiran ɗan sandan hanya. Suka wuce ciyayin bakin ruwa, suka wuce tarun masunta, gari ya fara ƙanƙancewa a bayansu. Inna har ta fara cewa Alhamdu lillahi, sai ta ji wani ƙauri.

"Malam, wani abu na ƙonewa."

"Sabon fenti ne."

"Wane fenti? Jirgin nan rabonsa da fenti tun ina budurwa."

Muryar injin ta canza, ya yi tari, ya yi shiru. Direba ya kai hannu kan murfin ya janye da sauri yana yarfe yatsu. Ya jira ya huce, ya ja igiya, ya tashi, ya ɗan yi tafiya, ya sake mutuwa. Gaba ruwa, baya ruwa, tsibirin ko alamarsa babu. Haka suka juyo, shi yana tuƙi da filafili ɗaya tilo, ita tana kwarfe ruwa da kwano. A zaune ta yi azahar a cikin jirgin. Da suka iso bakin ruwa matan wanki suna nan.

"Sannu Direba! Faci aka yi ne?"

"Inna, ai da kin sauka kin tura!"

Inna ta fito daga jirgin. Ta naɗe tabarmarta ta wuce gaba, kai tsaye zuwa rumfar Bakanike.

Bakanike wani siririn mutum ne mai rumfar kwano a bakin ruwa, injuna rataye ko'ina, ga wani tsohon duro cike da baƙin ruwa a ƙofa. Ya kwance ƙafar injin, ya zura yatsa, ya zaro wata 'yar roba baƙa mai fukafukai, duk sun narke sun gutsuttsure.

"Ga ɓarawonku. Wannan ita ke jawo ruwa sama ta sanyaya inji. Tsufa ne, ta bushe."

Ya sa sabuwa, ya rataya injin a bakin duron, ƙafarsa ta nutse, ya ja igiya. Nan take wani siririn ruwa ya fara tsartuwa ta baya.

"Kun ga fitsarinsa? In dai yana wannan fitsarin, ku tafi duk inda za ku."

Da yamma Inna ta samu layin Auta da ƙyar, sai da ta tsaya a kan turmi. Muryar yarinyar a sanyaye.

"Inna, takalmina ya daina shiga."

"Kan fa?"

"Yana ɗan sarawa."

"Ki rage gishiri, ki ɗora ƙafa a kan matashi. Gobe in Allah ya yarda muna nan tafe."

Washegari Direba ya ɗumama injinsa kamar kullum, har ya ƙara masa lokaci saboda sabuwar roba ta zauna. Suka kama hanya. A daidai inda ya mutu jiya, ko ma kafin nan, ƙaurin ya dawo. Inna ta tuna maganar Bakanike, ta waiwaya ta leƙa bayan injin. Ko ɗigo.

"Malam, ba ya fitsarin!"

Kafin ta rufe baki ya mutu.

Wannan karon iska ta taso musu a hanyar dawowa, sai bayan la'asar suka taka ƙasa. Tafin hannun Direba ya yi ƙulu-ƙulu da bororo, ƙugun Inna kamar an sara. Direba bai ko sha ruwa ba ya tura baro rumfar Bakanike.

"Kai, jabu ka sa mini!"

"Baba Direba, a gabanka na ɓare ta daga kwali."

"Kwalin ma ai bugawa ake yi. Ni za ka gaya wa kayan gyara? Tun kana tsumma nake sayensu."

Bakanike ya kwance, ya zaro robar. Ta narke kamar ta jiya. Ya juya ta a tafin hannu, ya sosa ƙeya.

"Kun bi ta kan yashi?"

"A'a."

"Ciyawa ta toshe ƙofar ruwan?"

"Ka gan ta fes."

"To wallahi ban sani ba." Ya busa bututun da baki, ya zura waya, ya sake busawa. "Ko dai wurin nan da yake mutuwa akwai mutanen ɓoye ne?"

Inna ta ce, "Mutanen ɓoyen ba su ga jirgin kowa ba sai namu? Ɗana, ka bar wannan zancen. 'Yata tana can ƙafa a kumbure. Kana da wata robar ko babu?"

Babu sabuwa. Bakanike ya dubi Inna, ya tashi ya sauko da nasa injin da yake fita kamun kifi da shi ranar hutu, ya kwance, ya ciro tasa ya sa musu. Ya tsoma a duro, ya tayar, ruwa ya tsartu.

"Inna, wannan ita ce ta ƙarshe a garin nan. In ta ƙone sai an aika birni, kuma ba yau ba, ba gobe ba."

Kafin magariba surukin ya kira. Mutum ne mai kunya, sai da ya gama gaisuwa tsaf sannan ya ce, "Inna, yau ta ce tana ganin wasu taurari-taurari a idonta. Ko in ɗauko ta a na hannu mu taho a hankali?"

"Kada ka kuskura. Ka ga iskar yau? Ka shirya ta dai, ku fito bakin ruwa da hantsi."

Ta kashe wayar. Direba yana gefe yana shafa man zafi a tafin hannu, ya ce, "Gobe zan ɗumama shi sosai, ba zan yi masa gaggawa ba."

Da asuba, bayan ta sallame, Inna ta daɗe a kan abin salla tana roƙo. Da ta gama ta fito ɗebo ruwan ɗumi, idonta ya faɗa kan injin a rataye a gindin bishiya, ƙafarsa tana lilo a iska, ƙasan wurin busasshe ƙayau, kaji har sun yi wankan ƙasa a ciki. Ta tsaya da buta a hannu. Kullum a nan yake ruri, ita ke share wurin, ba ta taɓa ganin ya jiƙe ba.

Direba ya dawo daga masallaci, ya naɗe hannun riga, ya kama igiya.

"Malam, dakata. Shi Bakanike me ya sa yake tsoma shi a duro?"

"Don ƙara. Kada ya dami mutanen kasuwa."

"To ruwan da yake fitsarwa a can, a nan gidan ina yake samunsa?"

"Ke, inji ruwansa na cikinsa. Mota a tafki ake tayar da ita?"

"Mota na sha ganinka kana buɗe mata gaba kana ɗura mata ruwa da galan. Wannan ka taɓa ɗura masa?"

Direba ya zagaya injin, ya ɗaga murfin, ya leƙa nan, ya leƙa can. Neman lagireto yake, tankin ruwa irin na mota, Inna ta sani, shi ma ya san ta sani. Ya mayar da murfin da ƙarfi.

"Ɗan ɗumin da nake masa ne zai ƙona roba? Innar Auta, ki tsaya a girkinki. Ni ban taɓa gaya miki yawan gishirin miya ba."

"Ni dai ban san inji ba. Amma tukunyar da ba ruwa in aka ɗora a wuta na san abin da take yi."

"Matsa."

Inna ba mai ja-in-ja da miji ba ce, duk unguwa an shaida. Amma ranar ta jawo kujerar tsugunno, ta dire ta daidai gaban farfelar injin, ta zauna, gwiwarta har tana taɓa ƙarfen.

"Ka yi haƙuri, Malam. In za ka tayar, tayar. Roba ɗaya ta rage, 'ya ɗaya ce a tsallake."

"Tashi mana, abin nan yanka yake!"

"Na sani."

"Innar Auta!"

"Na'am, Malam."

Ya saki igiyar, ya zagaya tsakar gida, ya dawo, ya ce mata wannan raini ne. Ta ce Allah ya huci zuciyarsa. Ya ce in suka fita da inji mai sanyi ya mutu a hanya, alhakin yana wuyanta. Ta ce ta ɗauka. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

"Lafiya yau shiru? Ko man jirgin saman ya ƙare?"

Direba ya cicciɓi injin ya maka a baro, ya tura ya fita ko sallama babu. Inna ta suri tabarma da matashi ta bi bayansa.

Bakanike yana buɗe rumfa suka iso. Inna ba ta bari an gama gaisawa ba.

"Ɗana, in an tayar da injin nan a tsakar gida, ba duro ba komai, me zai faru?"

"A tsandauri? Ai kafin ki ƙirga yatsun hannunki robar ta fara cin kanta. Wa zai yi haka?"

Inna ta dubi gefen da Direba yake. Bakanike ya bi idonta, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Baba Direba! Kullum?"

"To kai ka gaya mini? Ka ce tsufa ne. Ka ce aljanu ne. Bakanike ne kai ko mai duba?"

"Ai ban taɓa zaton..."

"Ka tambaya? Ni a gareji kafin a taɓa mota sai an tambayi direba yadda yake da ita!"

"Ku ajiye shari'ar nan," in ji Inna, "in na dawo da 'yata ku ci gaba. Malam, ɗaura inji."

Aka ɗaura, ƙafarsa ta nutse a tafki, Direba ya ja. Sai da ya ja ya sake ja, yana cewa, "Kin gani ko? Sanyi," sannan injin ya tashi. Ruwa ya tsartu ta baya.

Inna ta juya wa gaba baya, ta zauna tana fuskantar injin, kwanon kwarfa a hannu, idonta a kan siririn ruwan nan. Suka wuce ciyayi, suka wuce taru, suka wuce inda ya saba mutuwa. Ba ta ce Alhamdu lillahi da ƙarfi ba, a zuci ta yi. Wuyanta ya ƙage, hasken ruwa ya sa idonta hawaye, ba ta ɗauke kai ba.

Bishiyoyin tsibirin sun fara bayyana ke nan, ruwan ya rage ƙarfi, ya koma ɗigo.

"Kashe! Malam, kashe!"

Wannan karon bai yi gardama ba. Ya kashe, ya ɗago ƙafar injin. Wata baƙar leda ce ta naɗe ƙofar ruwan. Ya cire ta, ya ɗaga hannu zai wurgar, Inna ta ce, "Cikin jirgi, kada mu sake haɗuwa da ita a dawowa." Ya mayar da injin, ya ja igiya. Shiru. Ya ja. Shiru. Ya matsa tiyon mai, ya ja, bororon hannunsa ya fashe. Iska tana ta karkatar da su gefe, tsibirin ga shi ana gani, har ana hango mutane a bakin ruwa.

"Wannan wane irin abu ne!" in ji Inna. "Ya Allah, ka ga dai halin da muke ciki."

Ta kwance ɗankwalinta na ciki ta naɗe masa hannu. Ya dafa ƙafa a katako, ya yi bisimilla, ya fizga. Injin ya yi tari, ya kama. Ruwa ya dawo.

Auta tana zaune a kan kujerar makaranta a ƙarƙashin lema, mijinta riƙe da jaka. Inna ta ga fuskar ta yi suntum, idanun sun shige ciki, amma abin da ta ce shi ne, "Ke kuma kin zauna kamar sarauniya, taso mu tafi." Inna da surukin suka kama ta su biyu suka kwantar a kan tabarma. Auta ta ce, "Baba, sannu, me ya sami hannunka?" Direba ya ce, "Aiki ne." Surukin ya riƙe lema, Inna ta miƙa masa kwano da ɗaya hannun ta ce ya yi kwarfa, ita ta koma gadinta.

Injin bai ƙara tari ba har suka taka ƙasa. Bakanike ne ya tsayar musu da motar haya, ya ce su bar jirgin zai kula da shi.

A asibiti malamar nan ce dai a bakin aiki. Ta ɗaura abin gwaji, ta duba, ba ta ko sake dubawa ba ta ƙwala wa wata kira a kawo gado da allura. Sannan ta juyo kan Inna.

"Mama, me na gaya miki? Tun yaushe na ce ku kawo ta? Ku iyaye sai abu ya lalace ku kwaso mana a guje. Kin san inda jininta ya kai?"

Inna ta cika ta yi fam. Hannunta warin fetur, zaninta jiƙe har gwiwa, ga kwalta a gefen mayafi.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Laifinmu ne. Za ta tashi?"

"Kun kawo ta a kan gaɓa. Za mu sauko da jinin, likita zai duba ta. Ba inda za ta je sai ta haihu."

Aka tura Auta ciki. Inna ta tsaya har ta ga an ɗaura ruwa, yarinyar ta lumshe ido, numfashinta ya daidaita, sannan ta fito. Direba yana tsaye a baranda, hula a hannu, ya kasa zama.

"Yaya?"

"Sun riƙe ta. Sun ce an zo a kan lokaci, da ƙyar."

"Alhamdu lillahi." Ya juya hular. "Innar Auta, ni fa..."

"Malam, ka je gida ka kawo mini fulas da bargo da zani busasshe. Ka biya a wanke maka hannun nan kafin ya yi ruwa. Kajin ma ba a ba su komai ba tun safe."

Ya sa hula ya tafi. Inna ta zauna a kan bencin ƙofar ɗakin, ta miƙe ƙafa, ta zaro carbi daga jaka.